Giɓin Bambar Malam Zakiyyu

Munzali ya zare kilif na ƙarshe, bambar motar ta saki, ya tare ta da gwiwa don kada ta faɗi. Karo na huɗu ke nan da yake cire ta cikin wata guda. Baƙar roba ce marar fenti, kuma ya san ta kamar tafin hannunsa, har da kunnen da ya taɓa karyewa ya ɗinke da waya. Ya jingine ta da bango, ya share gumi da bayan hannu. Ko ƙarfe goma ba ta yi ba, amma inuwar darbejiyar garejin ta fara tsukewa.

Mai motar, Malam Zakiyyu, yana zaune a benci, hularsa a gwiwa, rular katako a hannu. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa. Shi ne hedimasta a firamaren Sandamu lokacin da Munzali ya gudu daga aji biyar. Motar kuwa ɗansa Yazid, wanda ke aiki a Fatakwal, shi ya saya masa bayan ya yi ritaya.

Kukan Malam ɗaya ne tun zuwan farko. A gefen dama bambar ta manne da jikin motar, ko reza ba za ta shiga tsakani ba. A gefen hagu kuwa, ƙasan fitila, akwai giɓin da ƙaramin yatsa zai shige. Da safen nan ya sake aunawa a gaban Munzali, ya ce milimita tara ne. Makon jiya an mayar da shi bakwai, kafin ya isa Sandamu ya buɗe.

Kalilu mai wayarin, wanda ke aiki a ƙarƙashin rumfar da ke gefe, ya ɗago kai daga cikin wata bas.

"Malam, ka ba shi sifili kawai ka kore shi gida. Sau huɗu yana maimaita aji."

"Wannan ba a korarsa," in ji Malam. "Kafin ka ɗauko bulala ya kai tasha."

Kalilu ya yi dariya har da buga ƙofar bas. Munzali ma ya yi murmushi, amma bai ɗago ba. Ya durƙusa yana duba maƙalin da bambar ke zama a kai, kamar mai neman abin da bai sani ba.

Ya sani sarai. Wata huɗu da suka wuce aka kawo motar nan a bayan babbar mota, gabanta na hagu a murƙushe, wai kwalbati ta daka a hanyar Kongolam. Kawunsa, Alhaji Dabo, dillalin motoci kuma mai filin garejin, shi ya saye ta a matsayin gwangwan. Munzali ne da hannunsa ya ɗaura sarƙa a gindin darbejiyar nan, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen shasi, ya hura masa wuta har ya yi ja, sannan aka sa tifa ta ja motar da baya kaɗan-kaɗan. Kwana uku suna yi. Ƙarfen ya miƙe, amma bai koma gidansa ba. Ya rage kamar faɗin yatsa, kuma ya ɗan murɗe. Munzali ya faɗa wa Kawu. Kawu ya ce fenti ya rufe abin da ya fi haka. Aka cike, aka goge, aka fesa, aka ɗauki bidiyo aka tura wa mai saye a waya, da cewa Beljiyam ce, wata tsohuwar Baturiya ce kaɗai ta taɓa hawanta. Munzali bai san wane ne mai sayen ba sai ranar da ya ga hedimastansa ya fito daga cikinta.

Don haka ko sau ɗari ya cire bambar nan ya mayar, ba za ta zauna ba. Ba ita ce ta karkace ba.

Wajen sha ɗaya Alhaji Dabo ya shigo, yana karkaɗa makullai. Ya miƙa wa Malam hannu biyu, ya tambayi iyali da mutanen Sandamu da yadda damina ta bar su. Da aka zo kan bamba sai ya girgiza kai, ya ce robar zamani ce ba ta da amana, an yi ta ne don ƙasar sanyi, ranar Daura na dukanta sai ta lanƙwashe. Malam ya saurare shi har ya gama, ya ce haka ne, rana ba ta da kyau.

Alhaji ya yafito Munzali da yatsa. Suka zaga bayan shagon kayan aiki.

Can Alhaji ya sauke murya. Ya ce ya gaji da ganin tsohon nan da rularsa a bakin kasuwancinsa, masu zuwa duba mota suna gani suna tambaya. Yau yake so a gama. A cusa ƙarafa a bayan maƙalin a turo shi, a narka wata roba a ƙara wa leɓen hagu, a ɗan kankare na dama, har su zo daidai a ido.

"Kawu, ba giɓin ne ke damuna ba," in ji Munzali. "Tayar gaba ta hagu tana cinyewa ta ciki. Saura kaɗan zare ya fito."

"Taya aka kawo maka ko bamba?"

"Bamba."

"To yi bamba." Alhaji ya dube shi na ɗan lokaci. "Ka san dokar wurin nan. Mai gyara ba ya sa baki a cinikin da ba nasa ba. Ranar da ka ga bakinka ya fi ƙarfinka, ka nemi wata bishiyar. Daura ba ta rasa inuwa ba."

Munzali ya ce to. Ya koma wajen motar.

Kafin garejin nan ya yi acaba, ya sayar da fetur a galan a bakin titi, ya yi dako wata shida a Kano, ya taɓa kama hanyar Agadas ya dawo daga Damagaram. Babu inda ya cika shekara. Bayan rasuwar mahaifinsa ne Kawu ya ɗauko shi ya damƙa shi ga wani tsohon fanalbita mai gyaran jikin mota, da tsohon ya daina aiki aka bar masa gindin bishiyar, da tukunyar gas, da injin fenti. Shekara biyar ke nan. Innarsa, Hajo, kullum da safe maganarta ɗaya ce, ya riƙe kawunsa, don shi ne mutum na farko da ya iya zaunar da shi wuri guda.

Babu wutar lantarki, sai ya hura gawayi a tsohon kwano, ya sa bakin ƙarfen narka roba a ciki. Ya yanko tsiri daga mushen wata bamba da ke bayan shago. Aikin ba wuya gare shi ba. Ya taɓa yi wa motoci da yawa, babu wanda ya dawo. Yana jiran ƙarfen ya yi zafi aka kira azahar, suka tafi masallacin bakin titi su uku da Kalilu, Malam yana tafe a hankali saboda gwiwa.

A hanyar dawowa Malam ya tambaye shi ko yau ɗin za a gama. Munzali ya ce in Allah ya so. Malam ya ce ya kamata, domin ranar Juma'a da sassafe zai kama hanyar Kano. Yazid zai sauka a filin jirgi da matarsa da yara biyu, kuma ya ce kada su hau motar haya, shi zai ɗauko su da kansa. Matar Malam, Maijidda, ita ma ta ce ƙafarta ƙafarsa, ba za ta jira jikoki a gida ba.

"Kano, Malam?" in ji Kalilu. "Kai da ba ka wuce gudun arba'in a mota?"

"Ranar zan taka. Jirgi ba ya jira."

Munzali ya koma ya zaro ƙarfen daga wuta, ya ɗora tsirin roba a leɓen bambar, ya fara narkawa. Hayaƙin ya shiga idonsa. Ya lissafa mutum shida a ƙaramar mota, da akwatuna, da zafin kwalta tsakar rana tsakanin Kazaure da Daura. Ya yi ƙoƙarin kawar da tunanin, ya ce a ransa tayoyi nawa ne suke yawo a ƙasar nan da suka fi wannan lalacewa. Ya narka kamar rabin tsirin. Sai ya ga hannunsa ya tsaya.

Ya mayar da ƙarfen cikin gawayi. Ya buɗe motar ya murɗa sitiyari har ƙarshe, tayar hagu ta juyo cikinta waje.

"Malam, zo ka gani."

Alhaji Dabo yana zaune a kujerarsa ta roba, taku goma daga nan, yana magana da wani mai son sayen bas. Munzali bai rage murya ba, bai kuma ɗaga ba. Ya kama hannun Malam ya ɗora a cikin tayar, inda ta yi sumul kamar tafin ƙafa. Ya nuna masa tabon wuta a ƙarfen shasi, da inda sarƙa ta ci. Ya nuna masa gindin darbejiya, inda ɓawon ya saɓule. Ya ce motar ta yi mummunan haɗari, shi ya ja ta, kuma ba ta miƙe duka ba. Ya ce giɓin ba zai taɓa rufuwa da gaskiya ba, kuma tayar nan ba za ta kai Kano ta dawo da kaya ba.

Kalilu ya mayar da kansa cikin bas. Mai son sayen mota ya duba agogo, ya ce zai je ya dawo.

Munzali ya tsaya yana jiran Malam ya juya wajen Alhaji. Ya zaci za a yi maganar mayar da mota, ko ta 'yan sanda, ko ta mai unguwa. Malam ya ciro hankici ya goge baƙin taya daga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"To," ya ce.

Alhaji ya taso. Bai dubi Malam ba. Ya ce wa Munzali ya tattara abin da yake nasa, gas da injin fenti na gareji ne, ya bar makullin shago a wajen Kalilu. Muryarsa ba ta tashi ba, kamar mai aiken a sayo goro. Sannan ya koma kujerarsa ya ɗauki waya.

Abin da yake nasa bai cika buhu ba. Guduma uku, sifanu, sukurudireba, ƙarfen narka roba, takardar goge, da wata riga. Kalilu ya karɓi makullin bai haɗa ido da shi ba, ya ce a hankali zai kira shi anjima.

Malam ya sa hularsa. Ya ce Munzali ya saka bambar a kujerar baya, ya kuma karɓi tuƙi, don shi gwiwarsa ta gaji. Da za su fita ya sauke gilashi ya ce, "Alhaji, sai an jima." Alhaji ya ɗaga hannu, waya a kunne.

Suka bi ta cikin gari, motar ba bamba, fitilunta a waje kamar idon wanda ya yi jinya. Masu acaba suna kallo. Sitiyarin yana janyewa hagu, Munzali yana riƙe shi da ƙarfi. Sai da suka bar gidaje suka shiga tsakanin gonakin da aka girbe gero, sannan Munzali ya ce Malam ya yafe masa, ya kamata ya faɗa tun zuwan farko.

"Tun zuwa na biyu na sani," in ji Malam.

Munzali ya juyo ya dube shi, ya mayar da ido kan titi.

"Murfin da aka gwada sau biyu bai zauna ba, ai tukunyar ce ta lotse. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na shiga ƙarƙashinta da tocila. Maijidda ta zaci faɗuwa na yi. Ban san sunan ƙarfen ba, amma na san abin da wuta ta taɓa. Tayar ce kawai ban lura da ita ba."

"To me ya sa ba ka yi magana ba, Malam?"

Malam ya daɗe yana kallon wani mai amalanken shanu da suka wuce. Sannan ya fara magana, a hankali, kamar mai bayani ga aji na ƙarshe a ranar Alhamis. Ya ce shekara uku Yazid yana matse kansa a Fatakwal, yana kwana a ɗaki ɗaya da iyali, don ya ga ubansa ya daina tsayuwa a bakin titi yana jiran mota. Duk Juma'a in ya kira, kafin ya tambayi lafiyar uwarsa sai ya tambayi motar. Bai taɓa ganinta ba sai a waya. Kuma Yazid yaro ne mai ido, tun yana ƙarami in aka karkata allo sai ya tashi ya gyara. Yana sauka daga jirgi zai zaga ta, zai ga giɓin, zai sa yatsa, zai durƙusa.

"In ya gane, zai tayar da rigima da kawunka, wannan bai dame ni ba. Abin da ba na so shi ne yadda zai dube ni bayan nan. Zai ji kunyata. Duk ranar da na hau motar zai tuna an cuce shi a kaina. Na fi son in hau ta a karkace da in ga haka."

"Wato so kake a rufe kawai."

"A rufe yadda ido ba zai gani ba. Kwana goma Yazid zai yi ya koma."

Munzali ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya ce ai aikin da Kawu ya sa shi da safe ke nan, kuma har ya yi rabi.

"Na ji shi," in ji Malam. "Bayan shagon ba nisa."

"Da ka tsayar da ni, Malam. Da ka ce in yi shiru."

"Ban san za ka yi magana ba. Shekara biyar kana makarantata ban taɓa ganin ka ɗaga hannu ba."

Wata tirela ta wuce su, motar ta girgiza, bambar ta zame ta daki bayan kujera. Munzali ya ji gajiya ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya yi tunanin darbejiyar, da wanda Kawu zai sa a gindinta kafin mako ya ƙare. Masu jira suna da yawa.

Da suka hango Sandamu ya ce zai rufe giɓin, amma da sharaɗi. Gobe a canja tayar, a sa sabuwa ba Beljiyam ba, a kuma riƙa duba ta duk wata. Kada motar ta wuce gudun saba'in ko da jirgi zai riga su isa. Kuma ranar Juma'a ba Malam ne zai tuƙa ba, don sitiyarin yana son hannun da ya san halinsa. Sai dai a rage mutum ɗaya, ko a riƙe yara a cinya.

"Wa zai tuƙa?"

"Ni."

"Haka ne," in ji Malam. "Ai ba ka da aiki ranar Juma'a."

A ƙofar gidan akwai 'yar rumfar kwano da aka yi wa motar. Malam ya shiga ya fito da murhun gawayin Maijidda, wutar tana ci, da kwanon fura da ta aiko, da saƙon cewa a gaishe da ɗan Hajo, kuma tana sane da shi tun yana satar mata goba. Munzali ya sha furar a tsaye. Ya sa ƙarfen a wuta.

Bai yi gaggawa ba. Ya ƙarasa narka tsirin, ya bi shi da takardar goge har yatsa ya daina jin gaɓa. Ya cusa ƙananan ƙarafa uku a bayan maƙalin hagu, ya cire ɗaya, ya mayar. Ya kankare leɓen dama da reza, siriri kamar ɓawon albasa. Ya ɗora bambar, ya ja da baya ya duba, ya sake cirewa. Aka yi la'asar, suka dawo, ya ci gaba. A ƙarshe ya nemi baƙin man takalmi, Malam ya kawo masa gwangwanin da ya rage tun yana zuwa aiki, ya shafe ɗinkin, ya bi duka bambar don launin ya zama ɗaya.

Malam ya zo ya tsaya a gaban motar. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya je gefe ya runtse ido ɗaya. Ya dafa kafaɗar Munzali.

Wayar Malam ta yi ƙara a aljihu. Ya duba sunan, ya gyara murya, ya juya baya ya taka zuwa bakin zaure.

"Yazid. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Tana nan, ga ta a gabana. A'a, ko kaɗan, ba ta taɓa ba ni wahala ba. Na ma samu direba da zai kawo mu."

Munzali ya durƙusa yana mayar da kayansa cikin buhu. Tasa wayar ta fara motsi a aljihun wando. Ya ciro, ya ga Inna ce. Kawu ya riga shi isa gida ke nan. Ya riƙe ta a hannu har ta katse. Ta sake farawa. Ya goge baƙin mai a jikin wandonsa, ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar hagu, ya ɗauka.

"Inna, ina wuni. Eh, gaskiya ne. Bari in iso in faɗa miki."